Rabin Hoto

Assalamu alaikum 'yan uwana. Wadda ta saba bibiyata ta san ni da surutu, wadda kuma yau ta fara leƙowa, sannu da zuwa, ki gyara zama. Sunana Najaha, 'yar Matameye, kuma lokacin da abin nan ya faru 'yan makonni suka rage a ɗaura mini aure da Marwan. Akwatunan lefe ma suna ɗakin Inna, an lulluɓe su da zanen gado saboda masu shigowa gaisuwa ido na yawo.

Ranar kasuwa ce. Na taso daga lakwal, wato makarantar boko, da azahar, jakar ordinatar, kwamfuta ke nan, a kafaɗa, yunwa kamar in ci babu. Na wuce zaure, na wuce ɗan ɗakin da Baba ke tara buhunan hatsi a jikinsa, sai na hangi takalmi mai ruwan zinariya a ƙofar Inna. Mutum ɗaya na sani a garin nan da ke taka irinsa da tsakar rana, Hajiya Baiwa, gwaggon Marwan. Ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsa, kuma a gidansu in ta ce ruwa ya tsaya, to ya tsaya.

Na yi sallama na durƙusa.

"Hajiya, ina wuni? Ya gida?"

Ba ta amsa ba. Tana zaune bakin gado cikin leshi ruwan goro, mayafi ya zame kafaɗa, ƙamshin humrarta ya cika ɗakin. Furar da Inna ta dama mata tana nan a kwano, ko ludayin ba ta taɓa ba. Inna na gefe a kan tabarma, kanta a ƙasa. Baba kuma, wanda ranar kasuwa ba ya dawowa sai magariba, yana zaune a ƙofa daga waje, carbi a hannu. Aike aka yi masa ke nan.

Hajiya ta miƙo wayarta har kusa da hancina.

"Wace ce wannan?"

"Ni ce, Hajiya."

"Madalla da ba ki musa ba. Mene ne aka rubuta a bisa kanki?"

Na duba. Ni ce da ƙawayena a Damagaram, muna dariya, a bayanmu ƙyalle da manyan baƙaƙe: FEMMES DU LIBRE.

"Ni ban yi lakwal ba," in ji Hajiya, "amma kunnena ya yi. An karanta mini. Fam libir. Har ƙungiya gare ku, har da tuta."

Ku da ke karanta ni daga Kano da Katsina, bari in fassara muku. A nan wajenmu, in aka kira mace da wannan kalma ta Faransanci, mai zaman kanta ake nufi. Ɗayan sunan ba sai na faɗa ba, kun gane. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a fuska. Kunya ta kama ni, a kan abin da ban yi ba, a gaban mahaifina.

Ga yadda abin yake. Ni sakatariya ce a wata 'yar makarantar kuɗi da ke bayan tasha, ni ke buga musu takardun jarrabawa. A can akwai ɗaki cike da tsofaffin ordinatar da wasu suka ba da sadaka tun da daɗewa. Kowa ya ce sun mutu, don in ka kunna ɗaya sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. A hutun damina aka tura ni horo Damagaram, na koyo wani abu da ake kira Linux. Na dawo na zuba musu shi, suka tashi. Yanzu 'yan mata na layi a kansu suna koyon rubutu da lissafi. Mu matan da muka yi horon muka kafa ƙungiya, ranar rufewa aka ɗauke mu wannan hoto.

Sai dai hoton da na sani ba haka yake ba. A nawa, a saman ƙyallen akwai layin da ya ce ranar bikin lojisiyel libre ce, wato manhajar na'ura da ba a ɗaure ba, da zanen tsuntsun nan na Linux mai baƙin baya da farin ciki, yana zaune kamar ya ƙoshi da tuwo. A ƙasa kuma akwai teburi cike da na'urori. A na Hajiya an sare sama, an sare ƙasa. Mu kaɗai aka bari da haƙora a waje da kalmar nan.

"Hajiya, an yanke hoton nan."

"An yanke, an ɗinka, fuskar dai taki ce." Ta juya wajen Inna. "Ni ba tashin hankali ya kawo ni ba. Magana biyu ce. Ko ta bar aikin nan da ƙungiyar nan tun yau, ta zauna gida har ranar ɗaurin aure, ko a fito mana da akwatunanmu tun magana ba ta zagaye gari ba."

Na dubi Inna. Na dubi Baba. Babu wanda ya ce uffan.

Kar ku zage su, don Allah. Ni 'yar fari ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ko Baba ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Ko wani yaro ya fasa mini kai ina ƙarama, Inna ba ta fita rama mini, sai dai maƙwabciya ta je. Kunyar ɗan fari ke nan, da ita muka tashi, ban taɓa ganin laifinta ba. Amma ranar ta yi mini ciwo. Na so ko da tari ne wani ya yi saboda ni.

"Hajiya, ki ba ni izini in nuna miki abin da kalmar ke nufi."

"Nuna. Ai ido ba ya ƙin kallo."

Na zaro ordinatar daga jaka, tsohuwa ce mai tsagaggen murfi da na ɗaure da salatif. Na ɗora ta a kan kujera 'yar tsuguno, na kunna. Allah ya taimake ni ta tashi nan da nan, ba ta kunyata ni ba.

"Kowace na'ura irin wannan," na ce, "tana da abin da ke tafiyar da ita daga ciki, mu kan ce masa sistem. Shi ke karɓar abin da aka danna, ya buɗe hoto, ya ajiye rubutu, ya aika takarda wurin bugawa. In babu shi, ƙarfe ne kawai da gilashi. To akwai na saye. Shi a rufe yake zuwa, ba ka ganin yadda aka haɗa shi, ba ka da izinin gyara shi ko ka ba wani. Akwai kuma wannan, Linux. Wani ɗalibi ne ya fara shi a ƙasar Turawa, ya ce kowa ya zo ya duba cikinsa, wanda ya iya ya gyara, wanda ke so ya ɗauka ya ba ɗan uwansa."

Hajiya ta taɓe baki. Na juya wajen ƙofa, don na san inda maganata za ta fi shiga.

"Kamar irin geron da Baba ke ajiyewa ne. Ba a rufe yake ba. Ka shuka, ka zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, ka ajiye, maƙwabci ya roƙa ka ɗiba masa, shi ma ya gyara ya ba wani. Abin da libre ke nufi ke nan a nan, abin da ba a ɗaure shi ba. Da na'ura ake, ba da mace ba."

Carbin Baba ya tsaya. Bai dube ni ba, Inna ya duba.

"A tambaye ta, masu yin sa wa ke biyansu?"

Daɗi ya ɗan ratsa ni, don Baba ba ya tambaya a kan abin da ya raina.

"Gayya ce, Baba. Mutane ne a ƙasashe da yawa, kowa da kunyar da yake nomewa. Wasu don sha'awa, wasu kuma manyan kamfanoni ke biyansu don su ma da shi suke aiki. Yawancin manyan na'urorin da ke riƙe da intanet da shi suke tafiya. Kuma akwai marar nauyi, shi ya sa tsofaffin na'urorin lakwal ɗinmu suka ɗauka. Ƙwayoyin cutar na'ura da ke bin kile suna cinye wa mutane takardu ba su cika kama shi ba." Na ciro kile ɗina, ɗan abin nan da kuke ce wa filash, daga aljihun jaka na ɗaga. "Har a cikin ɗan wannan yana zama. In na soka a na'urar wani sai ya tashi, a gwada shi, in an cire komai na mai ita yana nan yadda ya bari."

Na buɗe musu wurin rubutu, na buɗe na lissafi, na nuna zanen taswirar yankinmu na Kance da wata ɗalibata ta yi. Inna har ta ɗan miƙo wuya. Na fara jin numfashina na dawowa.

Sai Hajiya ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"To na ji. Abu ne da kowa ke buɗewa, kowa ya leƙa cikinsa, kowa ya taɓa, kowa ya ɗauka kyauta ya miƙa wa na gaba. Shi kike yabo a gaban ubanki, har kika sa wa kanki sunansa?"

Da bakina na saƙa mata igiyar da ta ɗaure ni. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Idona ya kawo ruwa, na danne, don na rantse a raina matar nan ba za ta ga hawayena ba.

"Kuma ko na yarda," ta ci gaba, "garin zan bi gida gida da wannan akwatin naki ina wa mutane karatu? Matan unguwarmu kalma ɗaya za su ji. Ɗana ba zai auri abin nuni ba."

Zuciya ta ɗebe ni. Ina da wannan hali, in aka matse ni sai na nemi ta cewa.

"Hajiya, wayar da ke hannunki ma a kan Linux ɗin nan aka gina ta. Yana cikinta yanzu haka."

"Allah ya kiyaye. Daga Makka aka kawo mini ita."

"Ki ba ni in nuna miki."

Ta miƙo, irin miƙowar mai son a ƙure ka. Na karɓa da hannu biyu. Hoton na nan a buɗe. Don in shiga wurin saiti dole in koma baya, sai na danna.

Hirar da hoton ya fito daga ciki ta bayyana. A sama ga ɗan hoton mai turowa, cikin farar shadda da hula zanna, hular da ni na zaɓa masa a kasuwa. Marwan ne. A ƙasan hoton kuma ga saƙon murya daga gare shi, dogo, an riga an saurara.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallo ba. Hoton nan mutum ɗaya na tura wa a duniya, ranar da aka ɗauke shi. Har yau amsarsa na cikin wayata: "Masha Allah, injiniyata." Marwan ya yi lakwal har ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Kayan waya yake sarowa daga Kano, kuma tsohuwar ordinatar shagonsa ni na zuba mata Linux da hannuna, yana tsaye a kaina yana tsokanata. Ya san ma'anar kalmar nan kamar yadda ya san sunansa. Kuma ranar da aka kawo gaisuwa, a gaban baffannina ya yi alkawari zan ci gaba da aiki bayan aure.

"Kin rasa ko?" in ji Hajiya.

"A'a, ga shi."

Na shiga saitin, na gangara, na nuna mata layin da ke faɗin irin ƙwayar Linux da wayar ke tafiya a kai. Ta kalla kamar yadda ake kallon rubutun likita, ta fizge abarta.

"Tsutsotsi dai na gani. Shi yaron ma kunya ta hana shi zuwa ya faɗa da bakinsa, yana can ko abinci ya kasa ci." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Gobe da hantsi zan aiko a ji amsa."

Inna ta raka ta. Baba ya tashi, na ji takunsa ya nufi zaure. Na ce a raina ya koma kasuwa, ya bar ni da kayana.

Da Inna ta dawo ta tsaya a kaina ina naɗe igiyar ordinatar.

"Ke, ki bar aikin nan mana. Ƙarfe ne fa. Ƙarfe zai rufa miki asiri?"

"Inna, in na bari yau, ai na amsa sunan ke nan."

"In kika ƙi kuma aka kwashe akwatuna, wane suna za a ba ki?"

Gaskiyarta ce, ta kowane gefe ni ce a ƙasa. Na shige ɗakina na kwanta rigingine ina kallon silin. Abin haushin, ina son Marwan. Ba zan yi muku ƙarya ba. Ina son yadda yake ajiye mini rake mai zaƙi in ya biyo ta lambu, da yadda yake kirana da safe don kawai ya ji ko na karya. Na yi ta nema masa hanya. Wataƙila wani ya ɗauki wayarsa. Wataƙila don alfahari ya tura, hoton ya yanke da kansa. Amma ni ce fa mai koya wa yara na'ura, na san hoto ba ya yanke kansa sama da ƙasa. Sai maganganunsa suka riƙa dawo mini, waɗanda na ɗauka wasa ne. "Wannan zuwa Damagaram ɗin, bayan biki ai sai hutu ko?" "Mushen nan, malamin lakwal ɗinku, ya cika kiranki."

Waya ta yi ƙara. Saƙon Marwan ne.

"Gimbiyata, yanzu na ji abin da Gwaggo ta yi. Wallahi raina ya ɓaci."

Na ƙura wa "wallahi" ɗin ido.

"Ina zuwa bayan la'asar mu san abin yi. Kar ki damu, ina tare da ke."

"Allah ya kawo ka," na rubuta.

"Kin yi fushi da ni ne?"

"Me ka yi?"

Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga hoton zuciya ja, ita kaɗai.

Na yi sallar la'asar. Da, in zai zo, sai na turara kaya, na sa kwalli, na ɗaura atamfar da ya fi so mai ganye shuɗi. Ranar doguwar rigar da nake zuwa aiki da ita na mayar, duk da tabon tawada a hannunta, na zura hijabi ruwan toka. Ko ruwan sha ban ɗauka masa ba. Wayata kawai na riƙe.

Yana zaune kan tabarma a zaure, ƙamshin turarensa ya riga ni isa. Ga ledar rake a gefensa, an feƙe an yayyanka. Ya yi mini murmushin nan nasa, zuciyata ta yi abin da ta saba yi, na ji haushinta.

"Ranki ya daɗe. Yau ko kwalliya babu?"

Na zauna nesa da shi, na gaishe shi a taƙaice.

"Najaha, kin san halin Gwaggo. In ta kafe, ta kafe. Ni na san ke, na san ba abin da take zato ba ne. Amma tsofaffi sai da lallashi. Ki ajiye aikin nan kawai a samu a ɗaura, daga baya sai mu gani."

"Mu ga me?"

"Yadda hali ya yi mana."

"Ka faɗa mata ma'anar kalmar?"

"Na yi ƙoƙari, ba ta saurara ba."

"A saƙon murya ka yi ƙoƙarin?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa, bai tafi ba, bai kuma ƙaru ba. Na buɗe hoton nawa, cikakke, da tsuntsunsa da teburinsa, na ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu.

"Wannan na tura maka. Na wurin Hajiya ba shi da kai, ba shi da ƙafa. Na ga wanda ya tura mata, Marwan. Da hular da na zaɓa maka."

Ya dubi ƙofar waje, ya dubi rake, ya shafa gemu. Wani mai kura ya wuce yana ƙwala tallan ruwa. Ina roƙon Allah ya sa ya musa, ko da ƙarya ce mai kyau.

"Ban zaci za ta kai shi har haka ba," ya ce a hankali. "Ce mata kawai na yi ta duba abin da aka rubuta, mutane za su iya fassara shi wani iri. Na riga na yi wa baffanninki alkawari, ba zan iya janyewa da bakina ba. Na ce in ita ta nema, shi ke nan, ba wanda ya ji kunya."

"Ba wanda ya ji kunya."

"Ki fahimce ni. Kishinki nake. Kullum kina cikin maza, wannan ya kira, wancan ya kawo na'ura. So nake ki zama tawa ni kaɗai. Laifi ne?"

"Sai ka ara mini sunan karuwa don ka same ni a gida?"

"Subhanallahi, ni ban faɗi haka ba."

"Ba ka faɗa ba. Almakashi ka sa."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai muka ji gyaran murya. Ƙofar ɗakin hatsi, wadda na ɗauka a kulle take, ta buɗe a hankali. Baba ya fito, ƙaiƙayi a gaban rigarsa, carbi a hannu. Ashe bai koma kasuwa ba.

Marwan ya zabura ya durƙusa har gwiwarsa na bugun ledar rake.

"Baba, barka da yamma, ban san..."

Baba bai dube shi ba. Ni ya duba, ido cikin ido, abin da ban saba gani ba.

"Najaha."

Tun da aka haife ni, ranar na fara jin yadda sunana yake a bakin mahaifina. Hawayen da na hana Hajiya gani suka zubo, ban ko share ba.

"Na'am, Baba."

"Miƙo wayar nan."

Na miƙa. Ya riƙe ta nesa da ido yadda yake duba tsabar gero, ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya zauna a bakin tabarmar, ya tura ta gaban Marwan, ya ɗora yatsa a kan layin sama.

"Kai ka yi lakwal," ya ce. "Karanta mini wurin da ka yanke. In ka gama, mu tafi tare ka karanta wa gwaggonka."